Awon Hedimistires

Yayata tela ce, kuma a shekara ashirin da takwas da ta yi tana zagaya mata da tef, ba a taɓa jin ta faɗi lambar awon wata da ƙarfi ba. Wannan shirun shi ne jarinta, ya fi kekunan ɗinkinta daraja, ni kuma na kusa ƙona mata shi da hoto ɗaya. Mu bakwai mahaifiyarmu ta haifa, Yaya ce ta fari, ni ne na ƙarshe, shi ya sa har yau da furfura ta fara leƙo mini a gemu Auta take kirana. Sana'ata haɗa manhajar waya. Ko dai in ce abin da nake gaya wa mutane ke nan, domin kafin wannan labarin guda uku na haɗa, kuma babu wadda ta wuce wayata da ta matata. Matata Injiniya take ce mini, da wata irin murya da ba ta buƙatar fassara.

Shagon Yaya a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, mai kemis a dama, mai gyaran waya a hagu. Dogon mutum sai ya sunkuya kafin ya shiga, in kuma wani yana hawa benen sai ka ji takunsa a tsakiyar kanka. A ciki akwai keke biyu, na ƙafa wanda ta fara da shi, da na lantarki wanda take yi wa faɗa duk lokacin da aka ɗauke wuta. Sai teburin yanka mai durowa ɗaya, sai dutsen guga, sai shuɗin labule da ya raba shagon biyu. Bayan labulen nan ake awo. Mace za ta shiga ta ɗaga hannuwa, Yaya ta zagaya ta da tef, ta danne wurin da farcen babban yatsa, ta juya baya ta rubuta a littafi.

"Yaya, na ƙaru ko?"

"Tef ɗin nan ne ya tsufa, ya fara ƙarya," in ji Yaya, da fil uku a bakinta.

"Ki faɗa mini gaskiya mana."

"Gaskiyar ita ce ranar Laraba za ki zo ki karɓa."

Littattafan awon tara ne, suna zaune a durowar teburin, an ɗaure su da igiyar yadi. Ba ta rubuta sunan yanka, kowa da laƙabin da aka san ta da shi: Uwar Biyu, Mai Gilashi, Matar Direba, Gobe Zan Karɓa. Tef kuwa ba ya rufa wa kowa asiri. Yaya takan riga miji sanin matarsa ta sami ciki, takan riga dangi sanin wadda damuwa take ci, amma ko mu da muka fito ciki ɗaya da ita ba mu taɓa jin komai daga bakinta ba.

Tana da wata doka kuma. A ƙarƙashin tebur akwai buhun ƙyallaye, ragowar yadin shekaru. Duk sabon yanka, ko na wuya ne ko na hannu, sai ta fara gwada shi a kan ƙyalle sau biyu ko uku kafin ta kai almakashi kan yadin da aka kawo mata. In ka ce tana ɓata lokaci sai ta ce, "Yadin mutane ba wurin koyo ba ne." Na ji wannan magana ya fi sau dubu, kuma kamar yadda za a gani, ta kunnen dama ta shiga ta fita ta hagu.

A cikin duk masu kawo mata ɗinki akwai guda ɗaya da Yaya take miƙewa tsaye in ta shigo. Shugabar makarantar da muka yi ce, ta daɗe da yin ritaya amma har yau Hedimistires ake kiranta, har jikokinta. Lokacin da Yaya ta faɗi jarrabawar ƙarshe sau biyu ta kama ɗinki, ba wanda ya yarda ya ba ta sabon yadi, sai facin wando da sa maɓalli. Ran nan Hedimistires ta sunkuyo ta shigo, ta ajiye yadi a tebur ta ce, "Ki ɓata shi in kin ga dama, amma ranar Litinin da shi zan tsaya gaban ɗalibai." Rigar ta fito hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Haka ta sa ta, ta tsaya gaban makaranta guda, kuma duk malamar da ta tambaya sai ta faɗa mata inda shagon yake. Daga ranar ba ta sake kai wa wani tela kaya ba. A bangon shagon akwai ƙusa guda da ba a rataya kayan kowa a kai sai nata.

Abin da ya kawo ni cikin labarin ruwa ne. Bututun benen ya fashe, ruwa ya biyo bango ya shiga durowa, littafi na uku da na bakwai suka jiƙe. Na tarar da Yaya tana bin shafukan da dutsen guga ɗaya bayan ɗaya, idonta ya yi ja. Mutumin kirki zai tausaya mata. Ni ma na tausaya, amma a ƙasan tausayin na ji wani daɗi, don a ƙarshe ga matsalar da ta dace da maganin da nake yawo da shi.

"Yaya, in da a waya suke, ruwa ba zai taɓa su ba."

"Waya ba ta faɗawa ruwa?"

"To ai ana ajiye kwafi."

Mako uku ina yi mata naci. Na ce zan haɗa manhajar da telolin duniya za su yi mata godiya, na ce sunanta zan sa a ciki. Ba wannan ne ya ja ta ba. Shafi huɗu da tawadarsu ta narke ne suka ja ta. Ranar da ta miƙo mini littattafan, ba ta sake su nan take ba, muka tsaya ita riƙe ni riƙe.

"Auta, ka kwafa. Kar ka karanta."

Na ce haba Yaya, sai ka ce yaro. Kuma wallahi na cika alkawari, ta hanya mafi muni. Asabar shida na yi ina buga lambobi a kwamfuta, hannuna yana aiki, kaina yana can yana hira da 'yan jarida kan yadda na fara daga ƙarƙashin matakala. Ƙirji, ƙugu, kafaɗa, hannu, tsawo, da ɗan bayanin da takan rubuta a gefe, duk na kwashe. In da za a yanka ni ba zan iya faɗin abin da ke cikin ko ɗaya ba.

Sai gwaji. Shagon manhajoji, wato inda mutane suke sauke manhaja a wayoyinsu, ba ya barin sabon shiga irina ya baje kaya haka kawai. Sai ka kawo mutane goma sha wani abu su yi mako biyu suna amfani da ita tukuna. Na bi dangi gida gida. Kawu ya sauke, ya tambaye ni ko tana kama labarai. Goggo ta goge ta a kwana na uku don hotunan jikoki sun rasa wuri. Mai gyaran waya, Allah ya saka masa, kullum sai ya buɗe ya rufe, bai taɓa danna komai ba. Matata kuwa ta shigar da awona, ta sa mini faɗin kai inci casa'in, manhajar ta karɓa ba musu. Ta nuna mini ta ce, "Injiniya, ka ga ita ma ta san ka."

Mai gwaji ta gaskiya guda ce, Yaya. Ba ta yarda ta fara da kowa ba, sai da shago ya zama ba kowa ta auna kanta ta shigar. Kafin minti goma ta ajiye mini wayar.

"Ba ta karɓar rabi."

"Wane rabi?"

"Talatin da huɗu da rabi. Kana tsammani Allah da cikakkun inci ya halicci mutane?"

Na gyara. Washegari ta ce maɓallan sun yi wa yatsanta ƙanƙanta. Na gyara. Sannan ta gano cewa manhajar ba ta buɗewa sai da intanet, alhali a ƙarƙashin matakalar nan ko kira sai ka fita bakin titi. Sannan ta iso shafin shigar da sabuwar mai ɗinki, inda na sa dole a rubuta cikakken suna, da lambar waya, da unguwa, da ranar haihuwa.

"Me za ka yi da ranar haihuwarta?"

"Bayanai ne, Yaya. Wata rana za su yi amfani."

"Riga zan ɗinka mata ko aure zan nema maka? Abin da ba ka buƙata kar ka karɓa, sai ya zame maka kaya."

Na cire, ina gunaguni. Akwai kuma wata dabara da nake alfahari da ita: in ka shigar da lamba sai wayar ta maimaita ta da murya don a tabbatar. Yaya ta buga awon ƙugunta, wayar ta buɗe baki ta sanar da shi har mai kemis ya ɗago kai. Ta kifa ta a kan tebur a hankali ta ce, "Wa ya tambaye ta?" A ranar na kashe muryar.

Tambayarta ta ƙarshe ita ce ta fi wuya. Ta ce in ta rubuta awon mutum, ina yake tafiya? Na ce yana zuwa wata babbar kwamfuta a can nesa, mu a sana'armu gajimare muke ce mata. Ta ce ita dai abin da ya taɓa zubo mata daga sama jiƙa mata littafi ya yi, kuma ba ta ba wanda ba ta taɓa gani ba ajiya. Dole na sake gini, komai ya zauna a cikin wayar telan, ba ya fita. Na yi wannan aikin ina jin ni ne mai amana na farko a duniya.

Na tura manhajar shago, aka dawo mini da ita. Wai ba ni da shafin da ke bayyana abin da nake yi da bayanan mutane, kuma ba hanyar da mutum zai goge nasa. Kwana uku ina yi wa matata lacca kan yadda manya ba sa son ƙanana su taso. A na huɗu na zauna na rubuta shafin. Ya yi kyau ƙwarai. Akwai jimla guda da na fi so, har na karanta wa matata sau biyu: "Ba za mu taɓa nuna bayananku ga kowa ba."

Saura abu ɗaya, hotunan da ake sa wa a shafin manhajar don mai wucewa ya ga yadda cikinta yake. Ina da mutanen ƙarya da na ƙirƙira don gwaji, Gwaji Ɗaya da Gwaji Biyu, kowacce ƙugunta casa'in da tara. A hoto sun yi muni. Ga shi na ƙara wani abu da ba wanda ya roƙe ni, zanen layi mai nuna yadda awon mutum yake canzawa wata bayan wata, kuma layin Gwaji Ɗaya a miƙe yake ba hawa ba sauka, ba ya burge kowa. Sai na tuna ai ina da littattafai tara a kwamfuta. Na buɗe, na yi ta wucewa ina neman layin da ya fi kyau. Na samu kuwa. Ya taso daga arba'in da ɗaya, yana gangarowa sannu sannu har talatin da uku a cikin wata takwas, kamar da rula aka ja shi. Na ɗauki hotonsa. A sama akwai laƙabi, a ƙasa akwai ɗan bayani da ƙananan baƙaƙe. Ba zan yi ƙarya ba, ya zo mini a rai in canza laƙabin. Sai na ce wa kaina, wa zai tsaya karanta ƙananan rubutu? Buhun ƙyallaye bai faɗo mini a rai ba ko sau ɗaya.

Ranar Talata da safe aka karɓi manhajar. Na tura sanarwa ga duk wanda ke cikin wayata, har mai kawo mana ruwa, har rukunin 'yan ajinmu na da. Kafin azahar mutum arba'in da uku sun sauke. Na sa sabuwar riga na nufi shagon Yaya don a yi mini barka. Ina kan hanya waya ta yi ƙara. 'Yar Hedimistires ce, ajinmu ɗaya da ita, yanzu tana aikin jinya a wani gari mai nisa, Nas muke ce mata. Na ɗauka da muryar wanda ake shirin yabawa.

"Auta, hoto na uku. Wace Hedimistires ce?"

Na tsaya a bakin titi.

"Ai misali ne kawai," na ce.

"Misali. To bari in karanta maka abin da ke ƙasa." Muryarta ba ta rawa, irin ta masu aikin asibiti. "An rubuta, a rage a ɓoye, ta ce kar yara su sani. Inci takwas a wata takwas, Auta. Na san abin da ke cin mutum haka. Duk zuwan da na yi gida kayanta daidai suke a jikinta, shi ya sa ban gani ba. Yayarka ce take rage su?"

Ban san me na amsa ba. Na dai san ta kashe wayar, kuma na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A ranar na fara karanta littafin Yaya, daga bakin wata.

Na sami Yaya tana yanka. Na faɗa mata a tsaye, ina ta haɗa kalmomin sana'a ko za su rage wa abin nauyi. Ta bari na gama. Ta ajiye almakashi, ta zare fil ɗin bakinta ɗaya bayan ɗaya ta soke su a matashi.

"Mutum nawa suka gani?"

"Waɗanda suka sauke arba'in da uku ne. Waɗanda suka kalli hoton kawai, ban sani ba."

"Cire shi."

"Zan canza hoton, amma sai sun duba sun amince, yakan ɗauki kwana biyu."

"Ba hoton ba. Abin gaba ɗaya."

A nan ne wurin da na fi jin kunyar faɗa. Na yi jinkiri. Wata bakwai na aiki, mako biyu na roƙon dangi, ga mutum arba'in da uku, adadin da ban taɓa gani ba a rayuwata. Yatsana yana kan allo ina lissafin ko akwai wata hanya. Yaya kallona kawai take yi, irin kallon da take yi wa yadin da aka cuci mai shi a kasuwa. Na danna, manhajar ta sauka daga shago. Amma magana zarar bunu ce, Nas ta riga ta hau mota.

Matata ta so ta rarrashe ni, ta ce wataƙila alheri ne, tunda yanzu za a kula da matar. Na ɗauki wannan magana da murna na kai wa Yaya. Ta ce, "In ka fasa wa mutum ƙofa ka tarar yana buƙatar taimako, ƙofar dai ka fasa. Gobe da la'asar ka sa takalmi, za ka raka ni."

Falon Hedimistires yana nan yadda na san shi, kujeru huɗu, agogon bango, hotunan ɗalibai aji aji. Tana zaune a kujerarta, rigar jikinta ta zauna mata cif, ba inda ya yi yawa. Sai da na kalli wuyan hannunta na ga abin da rigar take rufewa. Nas tana tsaye jikin taga, idonta a kumbure. Muka durƙusa muka gaisar.

"Kai ne mai manhajar?"

"Ni ne, Malama."

"Ban manta ka ba. Kai ne mai amsa tambaya kafin a gama karanta ta." Ta miƙo mini wayar Nas. "Karanta mini nan, da ƙarfi."

Shafina ne. Na karanta: "Ba za mu taɓa nuna bayananku ga kowa ba."

"Wa ya rubuta?"

"Ni ne."

"Rubutu ya yi kyau. Sifili."

Yaya ta buɗe jakarta ta fito da littafi na tara da almakashin yanka. Ta nemo shafin, ta bi gindinsa ta yanke shi tas, ta matsa a kan gwiwa ta ajiye a cinyar Hedimistires. Ban taɓa ganin an cire shafi daga littattafan nan ba, ko waɗanda ruwa ya ɓata.

"Malama, ba shi kika ba amana ba, ni kika ba. Ni na fitar da littafin daga shago."

Kafin Hedimistires ta amsa, Nas ta juyo.

"Wata takwas, Anti. Kina rage mata kaya, ni ina can ina jinyar iyayen wasu. Ko sau ɗaya ba ki ce bari in kira yarinyar nan ba?"

"Na ce, ya fi sau goma," in ji Yaya. "Lambarki tana wayata. Ta ce kar in faɗa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Yaya ta sunkuyar da kai. Uwar tana da abin da za ta riƙe ta da shi don ta bari ya fita, 'yar tana da abin da za ta riƙe ta da shi don ta ɓoye, ni kuma da na haɗa wutar ina gefe a tsugune ba wanda ya ga na isa a yi mini faɗa.

Hedimistires ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Auta, kar ka ɗauka ɓoyewar zan yi har abada. Likita na gani, magani ina sha. Na riga na sa rana. Ƙarshen watan nan za ta zo hutu, na ce zan zaunar da ita a kujerar can, ni ina nan, in faɗa mata da bakina. Har kalmomin na tsara. Wata uku ina tsara su." Ta naɗe takardar gida biyu. "Ka riga ni. A tasha ta ji, a tsaye, a cikin waya."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta ce ta yafe ba. Ga Yaya kuwa ba ta ce komai ba sam, abin da ya fi faɗa ciwo. Ta ce ta gaji, a ja mata ƙofa in an fita. A hanya Yaya tana gaba ina baya, har muka rabu a mahaɗa ba ta juyo ba.

Mako uku ba labari. Na goge littattafan tara daga kwamfutata, daga ma'ajiyar kwafi, daga kwandon shara, na kira Yaya ta ga ina yi. Ta ce to. Na ƙirƙiri sababbin mutanen ƙarya masu awo irin na mutane, har da rabi, na sa wa ta farkon suna Ƙyalle, na sake ɗaukar hotuna, na karanta kowane harafi a cikinsu sau uku kafin na tura. Manhajar ta koma shago, wasu teloli suna amfani da ita, Yaya ba ta cikinsu. Kullum da rana nakan je shagon in zauna ba tare da an kira ni ba. Labari ya ɗan zaga, mata biyu sun zo sun tambaya ko su ma suna cikin waya, Yaya ta ce a'a, ɗaya ta yarda, ɗaya ba ta dawo ba. Yaya ba ta yi ƙorafi ba. Ƙusar bango kawai take kalla in ta ɗago daga keke, babu komai a kanta.

Ranar wata Laraba da hantsi Nas ta sunkuyo ta shigo da leda a hannu. Ta gaida Yaya a taƙaice, ni ta yi kamar kujera ce. Ta fito da riguna uku ta ajiye a tebur.

"Sun sake yi mata yawa. Na ce in kai wa wani, ta ce in na kai ba za ta sa ba." Ta naɗe ledar. "Ba ta iya fitowa yanzu. Ta ce ki zo gida ki auna ta. Ta ce kuma ki zo ke kaɗai."

Yaya ta ɗauki rigunan ɗaya bayan ɗaya ta kakkaɓe, ta rataya su a ƙusar. Ta juya mana baya ta daɗe tana gyara wuyan ta ƙarshe, wanda ba abin da ya same shi. Da ta juyo ta goge ido da gefen mayafi, ta rataya tef a wuya, ta ɗauki jaka.

Ni kuwa, da yake bakina ba ya koyon darasi da wuri, na ce, "Yaya, littafin fa? Kin manta."

"Ban manta ba. Nata ba a rubutawa kuma."

Ta tattara littattafan tara ta ɗaure su da igiyar yadinsu, ta sa a durowa. Sannan ta laluba ƙasan buhun ƙyallaye ta fito da wani ɗan makulli da tsatsa ta ci. Shekara ashirin da takwas ina shiga shagon nan, ban taɓa sanin durowar tana da makulli ba. Sai da ta ɗiga masa man keke kafin ya juya. Ta ja durowar ta tabbatar ta kullu, ta jefa makullin a jaka.

"Auta, ka tsare mini shago," ta ce, ta bi bayan Nas.